An yi mini tayin musayar injina huɗu da nawa guda ɗaya, in karɓa?

Baban_Hanif ya rubuta:

Assalamu alaikum, manya da ƙanana. Shawara nake nema wajen waɗanda suka daɗe suna juya injinan nan da ake jefa wa tsaba. Ni ɗan koyo ne, shekarata biyu kacal a harkar, kuma inji ɗaya tal na mallaka. Na lemon gwangwani ne, ƙirar Vendo, na hannu na saye shi, yana tsaye a rumfar jira ta wani wurin wankin mota. Tun da na kafa shi sau ɗaya ya taɓa ba ni matsala, fankar ciki ce ta tsaya na canza. Ba wani arziki yake kawowa ba, amma duk ƙarshen mako in na buɗe akwatin ba na komawa gida hannu rabbana.

To ga abin da ya taso. Wani dattijo da ya taɓa riƙe ɗakin wasanni ya rufe, ya tara kayan a sito, shi da bakinsa ya ce an yi shekara huɗu ko biyar. Injina huɗu ne: wani na lemo da ya fi nawa girma, kabad ɗin wasan bidiyo biyu, ɗaya Neo Geo, ɗayan an rubuta Super Street Fighter II a goshinsa, sai na ƙugiya mai cafko 'yar tsana. Ɗansa ne ke son injin lemo mai aiki, shi ya sa ya ce in ba shi nawa in yi ciko da kamar rabin abin da na saye shi, in kwashe huɗun gaba ɗaya.

Na je na gani jiya. Siton babu wuta, da fitilar waya na duba. Ya ce lafiyarsu ƙalau ranar da ya ajiye su. Makullin na lemon ya ɓata, an huda kwaɗon da abin huda ƙarfe. Ƙasan kabad ɗaya ya ɗan kumbura. Mitar ƙirga tsaba da ke bayan ƙofar tsaba ta Neo Geo ɗin tana nuna dubu sittin da wani abu. Ya ba ni zuwa ƙarshen mako, wai akwai wani mai so. Zuciyata ta kwanta da huɗu a kan ɗaya, amma uwargida ta ce cinikin biri a sama nake shirin yi. Me kuka gani?

Tsohon_Makaniki ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka gaida uwargida, ta riga ni faɗa.

Shekara ashirin da ɗoriya ina buɗe bayan irin waɗannan kabad, kuma ban taɓa zuwa wajen mai sayarwa ya ce mini "da ya lalace na ajiye shi" ba. Kowa lafiya lau ya ajiye nasa. Wani lokacin ma ba ƙarya yake yi ba, ajiyar ce ke kashe su. Injin da ke aiki kullum ɗumi yana korar laima daga cikinsa. Wanda aka rufe a sito kuwa, laima ta shiga, ɓera ya tare, kafasita su bushe, batir ya tsiyaye. Don haka duk abin da ba a kunna a gabanka ba, ka yi masa kuɗin matacce. In ya tashi daga baya, ribarka ce.

Ka koma da ƙaramin janareta ko doguwar waya. Amma kada ka isa ka cusa fulogi kawai, mutane da yawa a nan suke ƙone abin da zai gyaru. Fara buɗe ƙofar baya ka shinshina. Warin fitsarin ɓera ba ya ɓoyuwa, haka warin taransifomar da ta taɓa ƙonewa. Bi wayoyi da ido ka ga ko an ci rigarsu. Sannan ka karanta takardar da ke manne kusa da inda wuta ke shiga: injin da aka ƙera don Amurka 110 zuwa 120 yake sha, na Japan 100, na Turai 220 zuwa 240. In ba irin wutarka ba ce kuma babu taransifomar rage ƙarfi a ciki, daƙiƙa ɗaya ta isa.

Neo Geo ɗin shi ne ya fi damuna. Kamfanin SNK ya fito da shi a 1990, akwai mai ramin kaset ɗaya, biyu, huɗu da shida. A jikin fanel ɗin, wato allon lantarkin da ke cikin kabad, akwai wani ɗan batir mai caji da aka liƙa da dalma, shi ke riƙe agogo da lissafin kuɗi. In ya tsufa sai ya yi gumi, ruwan ya bi siraran hanyoyin jan ƙarfe da ke kewaye da shi yana ci a hankali. Haska shi da fitila. In ka ga farin gari ko kore-kore kamar gansakuka a ƙafafunsa, to aikin ya fara. Yana gyaruwa in bai yi nisa ba, sai dai aiki ne na mai haƙuri da madubin ƙara girma, ana bin hanya ɗaya-ɗaya ana ɗinkewa da waya mai kaurin gashi.

Sikirin ɗin kuma, tunda na wancan zamanin ne, mai doro ne. A bayan tulun gilashin da ke nuna hoto za ka ga wata roba manne kamar ƙahon wanzami, da jar waya mai kauri. Kada hannunka ya je wurin, ko an cire fulogi. Wutar da ke wurin takan haura bolt dubu ashirin in yana aiki, kuma tulun yana iya riƙe saura bayan an kashe. Na taɓa shan ta sau ɗaya ina matashi, ba zafin ne ya ji mini ciwo ba, fizge hannun da na yi ne gwiwar hannuna ta daki ƙarfen firam, har yau tabon yana nan. Abin da za ka duba daga gaba ya ishe ka: in yana kashe amma kana iya karanta rubutun wasa a jikin gilashin, hoton ya ƙone a ciki, wannan ba ya gyaruwa. In hoton ya dushe ko yana rawa ko ya tsuke daga sama, galibi kafasita ne, a canza su duka a huta. An daina ƙera waɗannan tuluna, don haka mai kyau a cikinsu kadara ne shi kaɗai.

Kumburin ƙasan da ka gani, danna shi da babban yatsa. In katakon garin katako ne da aka matse, ya sha ruwa, zai marmashe kamar busasshiyar ƙasa, kuma ranar ɗauka ƙafafun za su zauna a sito kabad ya tafi. In falanki ne mai hawa-hawa, da sauƙi.

"Akwai wani mai so" kuwa, shekara biyar ba a samu mai so ba sai makon da ka leƙa?

Maman_Sultana ta rubuta:

Baban Hanif, ni ban san komai a kan na wasa ba, injinan lemo da na kayan ƙwalama nake da su, guda tara. Zan yi magana a kan na lemon, don hudadden kwaɗon nan ya tsaya mini a rai.

Makulli yana ɓata, gaskiya ne, ni ma na taɓa huda nawa. Amma da yawa daga manyan injinan lemo ba mallakar wanda suke hannunsa ba ne. Kamfanin lemo ne ke ajiye su aro a wurin mutum da sharaɗin kayansa kawai za a zuba. In wurin ya rufe, kamfani ya manta bai zo ɗauka ba, sai mai wuri ya ɗauka ya zama nasa. Inji na biyu da na saya haka ya kasance. An shafe shi da sabon fenti, araha kamar kyauta, na yi ta murna. Wata bakwai yana aiki, sai wani ma'aikacin kamfanin lemo da ya kawo kaya maƙwabta ya tsaya yana kallonsa, ya roƙi in buɗe, ya nuna mini wata lamba a cikin ƙofa wadda mai fentin bai gani ba. Bayan kwana uku suka zo da takardu da mota. Ban yi gardama ba, don nasu ne. Wanda ya sayar mini kuma wayarsa ba ta sake shiga ba. Saboda haka ka nemi farantin lamba, wani ɗan ƙarfe ne mai sunan maƙera da lambar inji, yawanci a gefe ko a cikin ƙofa. In ka tarar da ramukan ƙusa huɗu babu faranti, ka yi sallama ka fito. In yana nan, a rubuta lambar a takardar ciniki, mai sayarwa ya sa hannu.

Na biyu, na'urar karɓar kuɗi. Ita ce zuciyar inji, kuma ita ce masu sayarwa ke cirewa su sa matacciya. Bi wayarta ka ga inda ta shiga. In ɗan fulogi ne fari mai ƙafa shida, to tsarin MDB ne, wanda ya zama gama-gari tun shekarun 1990, kuma da shi za ka iya ƙara na'urar karɓar takardar kuɗi ko ta kati. In tsohon babban soket ne na injin farashi ɗaya, ka san ba zai karɓi na'urar kati kai tsaye ba, sai in ka kashe kuɗin juya shi. A yau da aljihun mutane ba ya ƙara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Injinana uku da na sa wa na'urar kati sun bar sauran a baya.

Kuma ko tana aiki, tsabar wace ƙasa aka saita mata? Tana auna faɗi da kauri da irin ƙarfen, bututun da ke ba da canji ma an yanka su daidai da wasu sulalla ne. Ko a ƙasa ɗaya abin yana canzawa: da Ingila ta fito da sabuwar fam ɗaya mai kusurwa 12 a 2017, sai da masu injina suka bi su ɗaya bayan ɗaya ana sake saiti ko canza na'urar. Ka tafi da tsabarka cike da hannu, ka jefa ashirin a jere ka ƙirga nawa ta tofar.

Sanyi: kada ka yarda a kunna kafin ka zo. A kunna a gabanka, ka sa kofin ruwa da ma'aunin zafi a ciki, ka rufe, ka je ka duba sauran. In kana jin "ƙas" duk bayan 'yan mintuna kwamfireso bai ɗauka ba, ko dai ɗan abin tayar da shi ne, wanda ba shi da tsada, ko kuma ya ƙame, wanda shi ne mafi tsada a jikin injin. Duba takardar da ke jikinsa ka ga irin gas. In R134a ne, kowane mai gyaran firji zai iya. In R12 ne, wanda aka yi ta janyewa daga kasuwa bayan yarjejeniyar Montiriyal ta 1987, injin ya tsufa ƙwarai.

Amma duk wannan ba shi ne ya sa na rubuto ba. Naka yana da wuri. Mai wankin motar ya san ka, masu jira sun saba da shi. Huɗun nan a ina za ka sa su? Ka yi magana da wani? Ni samun wuri ya fi ba ni wahala fiye da samun inji nesa ba kusa ba, akwai wanda ya yi wata biyar a barandata kafin na samar masa gurbi. In ka cire Vendo ɗinka ka ce "zan kawo wani in na gama gyara", kafin ka gama wani ya kafa nasa.

Ɗan_Kwandala ya rubuta:

Hajiya ta yi gaskiya a kan wuri, amma kada a sa mutum ya gudu ya bar abin kirki. Ni tattara injinan wasa nake yi, kuma inda na fi samun kaya masu kyau shi ne irin wannan siton mara wuta.

Yaya Baban Hanif, rubutun goshi ba shaida ba ne, roba ce da ake zarewa a minti biyu. Tun tsakiyar shekarun 1980 da aka fito da tsarin JAMMA, soket ɗaya mai ƙafa 56 da kusan duk kamfanoni suka yarda da shi, masu ɗakunan wasa suke zare fanel su sa wani a kabad ɗaya. Na taɓa buɗe kabad na ga fenti hawa uku, na wasa uku daban. To ka leƙa ciki. In Super Street Fighter II na gaske ne, na 1993, a kan tsarin CPS-2 na Capcom yake, za ka ga babban akwatin roba hawa biyu, na saman mai launi, shuɗi na Amurka da Turai, kore na Japan. A cikinsa akwai batir da ke riƙe mabuɗin sirrin wasan, in ya mutu wasan ba ya tashi, sai launi ɗaya a sikirin. Da can in haka ta faru sai a ce ya tafi, amma tun 2016 aka gano yadda ake mayar masa da mabuɗin. Yawancin tsofaffin masu kaya ba su san da haka ba, suna jefar da shi a lungu. In kuwa ka ga wani ɗan fanel kamar tafin hannu mai wasa ɗari-ɗari a ciki, wannan na kwaikwayo ne, ba shi da daraja wajen masu tarawa, kodayake yara ba ruwansu, su dai a buga.

A Neo Geo ƙirga kaset ɗin da ke cikin ramuka, ka karanta sunayensu ka faɗa mana. Wani kaset ɗin shi kaɗai ya fi kabad ɗin kuɗi.

Mita kuma kada ka gina lissafi a kanta. Ba ta komawa baya, gaskiya, amma waya biyu ce, ana cirewa, ana kuma ɗauko ta wani inji a ɗaura. Abin da ba ya ƙarya shi ne gefen sandar sarrafawa inda tafin hannu ya cinye fenti, da bakin ramin tsaba.

In ka fasa, don Allah ka haɗa ni da dattijon.

Abu_Yasir ya rubuta:

Na ƙugiyar dai ka bar shi. Na riƙe biyu na sayar. Gyaransa ba wuya, igiya ce da moto da naɗin wayar da ke matse ƙugiya, amma kullum cikin sayen 'yan tsana kake. Kuma ƙarfin cafkar saita shi ake yi daga ciki, shi ya sa a wasu ƙasashe doka ke sa masa ido kamar caca. Bincika dokar inda kake tukuna.

Ɗauka kuma: babban injin lemo yana haura kilo 300 babu komai a ciki, nauyin ƙofarsa kuma yana rinjayarsa gaba in an buɗe. Mutum biyu ba su isa ba. A tsaye ake ɗaukarsa a ɗaure, in dole ta sa aka kwantar, a bar shi tsaye kwana guda kafin a kunna, man kwamfireso ya koma mazauninsa. Ka auna faɗin ƙofarka kafin ka kira mota, ni sai da na cire ƙyaure da firam.

Baban_Hanif ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Baba makaniki, Hajiya, na bi abin da kuka ce. Na koma yau da janareta da wani abokina mai gyaran talabijin, mun yi awa uku a siton.

Na lemon: ramuka huɗu, babu faranti. Na tambayi dattijon, ya yi shiru, sannan ya ce shi ma haka ya gaje shi daga wanda ya riƙe ɗakin kafin shi. Ban ga alamar yana ɓoye wani abu ba, amma ban taɓa shi ba. Mun dai kunna don gani, "ƙas" ɗin da Hajiya ta faɗa shi muka yi ta ji, ruwan kofi yana nan yadda na zuba shi. Na ƙugiyar ɓeraye sun yi gida a cikin 'yan tsanan, sun ci wayoyin saman gaba ɗaya.

Neo Geo mai rami huɗu ne, kaset uku a ciki. Batir ɗin ya yi koren gemu kamar yadda Baba ya kwatanta, faɗin ɓarnar bai kai kan kwalba ba. Da muka kunna hoto ya fito tas, launi mai kyau, sai dai ya tsaya a wani rubutu na kuskuren ma'ajiya bai wuce ba. Shi ne mai kumburin ƙasa, amma falanki ne, yatsana bai shiga ba.

Ɗayan kuwa, Ɗan Kwandala, kamar kana wurin. Ɗan fanel ne na kwaikwayo, ya tashi, ana bugawa, maɓalli biyu sun mutu. Har mun rufe sai abokina ya ga wani kwali a can ƙasa bayan akwatin tsaba, naɗe da tsohon labule. Akwatin roba ne, shuɗi. Dattijon ya ce ai wannan tun da daɗewa ya daina kawo hoto, shuɗi kawai yake nunawa, shi ya sa aka sa ƙaramin. Ban ɓoye masa ba, na ce an gaya mini yana iya gyaruwa. Ya ce in ya gyaru rabona ne, shi dai a rage masa kaya.

Vendo ɗina yana nan inda yake. Kabad biyun na saya da kuɗi, ƙasa da cikon da ya nema da farko. Mai wankin motar ya yarda in sa ɗaya a gefen na lemon mu raba abin da ya shigo, sai dai in juya shi ya koma cin kwandala, wato tsabar wasa ta musamman maimakon kuɗi. Yanzu me zan fara yi wa batir ɗin kafin in samu mai gyara?

Tsohon_Makaniki ya rubuta:

Kada ka sake kunna shi. Zare fanel ɗin, ka datse ƙafafun batir da fulaya ka jefar, yana tashi ba tare da shi ba. Abin da ya tsiyaya ba asid ba ne, kishiyarsa ne, don haka ruwan khal za ka ɗiga a wurin, ka goga a hankali da tsohon buroshin haƙori har kumfar ta tsaya. Ka bi da sifirit ka wanke, ka bar shi kwana biyu ya bushe a inuwa. Ɗauki hoton wurin kusa-kusa da hasken rana ka ɗora a nan, in nuna maka hanyoyin da za a gwada da mita.

Shuɗin akwatin ma a buɗe shi a ga nasa batir, sukurorinsa masu kan tauraro ne, kada ka tilasta su da sukundireba na gida.

Ɗan_Kwandala ya rubuta:

Yaya, ba ka faɗi sunayen kaset ukun ba. Kuma ina da na'urar karɓar kwandala guda biyu a ajiye, masu koyon tsaba da kansu, da kwandaloli kusan ɗari uku masu faɗin milimita 25. Ba na son kuɗi. Ka duba saƙonka, mu yi magana a kan shuɗin akwatin.